Yadda Ake Haɗa Littafin Hotuna na Tsohuwa da Magenta Don Ƙananan Yara

Shekara biyu da suka wuce ƙanina ya dawo Bauchi daga Abuja da tsarabar littafi ga 'yata, lokacin tana da shekara biyar. Littafin Turanci ne mai manyan hotuna: wata mata mai doguwar hula mai tsini, tana hawa tsintsiya ta tashi sama, magenta na maƙale a bayanta. Yarinya ta ƙwallafa rai a kansa. Kullum bayan sallar isha'i sai na karanta mata, ina fassarawa da Hausa. Da na zo kan sunan da Turawa suke kiran matar, ban yi dogon tunani ba na ce "mayya". Bayan kwana uku muna tafe a layinmu, muka wuce ƙofar wata dattijuwa mai sayar da daddawa, magenta na kwance a gefen faranti. Sai yarinya ta ɗaga murya cike da murna ta ce, "Umma, ga mayya da magenta!" Dattijuwar ta ji. Ba ta tanka ba, ta dai ja gefen mayafinta ta rufe farantin. Da yamma na ɗauki goro da sabulu na je na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, laifina ne, ni na sa mata kalmar a baki." Ta ce, "Ba komai 'yar nan, ai yarinya ce," amma idonta ya kawo ruwa.

Littafin na ɓoye shi a ƙasan akwati. Yarinya kuwa ba ta daina tambayar magen ba, don haka na zauna na haɗa mata nata da Hausa. Ni malamar aji ɗaya ce a firamare, ba mai zane ba, kuma na ɓata takarda da yawa kafin ya fito. Ga hanyar da na bi, ga iyaye da malamai da duk mai son yi wa yara 'yan shekara uku zuwa shida irinsa.

Ku fara da tsohuwar, kafin ku taɓa fensir

A Ingila labarin irin wannan mata da magenta ya daɗe a hannun yara. Meg and Mog, wanda Helen Nicoll ta rubuta Jan Pieńkowski ya zana, ya fito tun 1972. Winnie the Witch na Valerie Thomas da Korky Paul ya biyo baya a 1987. A wurin yaron can, hula mai tsini da tsintsiya kayan wasa ne, irin waɗanda ake sawa a bikinsu na 31 ga Oktoba. Babu wanda zai ga maƙwabciyarsa ya ce ita ce.

A nan ba haka ba ne. Kowa ya san abin da ke biyo bayan kalmar maita a garuruwanmu: yaro ya kwanta zazzaɓi ya ambaci sunan wata, a ce ta kama masa kurwa, a taru a ƙofarta, a tilasta mata ta tsallake shi. Wata a kore ta daga unguwa, wata 'ya'yanta mata su rasa mijin aure, wata ma a rasa ranta. Galibi tsohuwa ce, matalauciya, wadda ba ta da mai tsaya mata. Dokar ƙasa ta haramta jifan mutum da wannan zargi, amma kafin doka ta iso an riga an yi ɓarna. Saboda haka shawarata ta farko ita ce kada kalmar mayya ta shiga littafinku, ko a bango ko a ciki. Boka da matsafiya ma ku bar su, iyaye ba za su shigar da su gida ba, kuma suna da gaskiya.

Abin da yaro yake so a waɗancan littattafan ba maitar ba ce. Babba ce mai wani abin mamaki a hannu, amma kullum sai ta yi kuskure, ga kuma mage mai ganin komai wadda ba ta iya magana. Yaro magen yake zama. Shi ma yana ganin kuskuren manya ba a sauraronsa, shi ya sa yake ƙyalƙyala dariya idan magen ta gyara abin da babba ta ɓata.

Wannan tsohuwa kuwa muna da ita tun kaka da kakanni. Ku tuna tsohuwar bakin rafi ta tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda take cewa a cuɗa mata baya, ta saka wa mai ladabi da alheri. Babu wanda ya taɓa kiranta mayya. A tatsuniya ƙwarya tana magana, Gizo yana zuwa fada, kuma kowane yaro ya san da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" an shiga wata duniya. Ku ɗora abin mamakin a kan wani kayan gida, kamar tukunya, ludayi, faifai ko muciya, ita kuma tsohuwar ku bar ta mutum kamar kakar kowa. Ku ba ta sunan da ake kiran ta gida da shi: Iya, Inna, Dada, Goggo. Tawa Goggo ce, magenta kuma Gawayi.

Da gangan na mai da magen baƙa. Yaran unguwa suna jifan baƙar mage saboda abin da suke ji daga manya, alhali addininmu ya koya mana tausayin wannan dabba. Sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure mage ta hana ta abinci yana cikin Bukhari da Muslim. Yaron da ya ƙaunaci Gawayi a takarda zai yi nauyin hannu kafin ya ɗauki dutse.

Labarin

Ku faɗi labarin duka a jimla ɗaya. In bai shiga jimla ɗaya ba, ya yi wa ɗan shekara huɗu yawa. Nawa shi ne: Goggo tana da tukunya mai ba da duk abin da aka roƙa, amma tukunyar ta daina ji sosai, Gawayi ce kaɗai ta san dalili.

Daga nan ku nemo kuskure uku, kowanne ya fi na baya girma. Biyu sun yi kaɗan, yaro bai gama gane salon ba. Biyar kuwa gajiya ce. A nan Hausa ta yi mini gata, domin tana cike da kalmomi masu kama da juna. Goggo ta roƙi kifi, tukunya ta ba ta kofi. Ta roƙi masa, sai ga mesa. Ta roƙi kuka za ta kaɗa miya, tukunya ta fashe da kuka har hawaye ya cika tsakar gida. A ƙarshe Gawayi ta yi tsalle ta zaro auduga daga kunnen tukunya, ashe ɓera ne ya cusa ta yana sheƙa. Kifi ya fito, aka ci.

Ku lura da ribar da ke ciki. Kifi da kofi harafi ɗaya ya raba su, haka masa da mesa. Yaron da ya fara haɗa baƙi zai sa yatsa ya nemo harafin da kansa. Kuka da kuka kuwa a rubuce ɗaya ne, a baki ne karin sauti yake bambanta su, yara kuma suna jin daɗin gano haka. Malaman Bauchi da suka koyar da littattafan Mu Karanta, waɗanda aka shigo da su firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, sun saba da koyar da harafi ta sautinsa, su ma za su ga amfanin wannan. Amma kada ku mai da littafin darasi. Dariyar ce gaba, harafi yana biye.

Sai amshi. Dole a sami wasu kalmomi da suke dawowa kamar waƙar gaɗa, waɗanda yaro zai haddace tun karatu na biyu. Nawa ga shi:

Tukunya, tukunya, mai kunne biyu,
Ba mu kifi mu ci mu biyu!

Kowane karo kalma ɗaya ce take canzawa. Amsar tukunyar kuma sauti ne ɗaya, "Ƙwal!", sannan a juya shafi.

Rubutun duka kada ya wuce kalma 300, nawa bai kai ba. Jimla ɗaya ko biyu a shafi. Duk abin da hoto zai nuna, ku goge shi daga rubutu. Na fara rubuta cewa "Goggo tsohuwa ce mai tabarau da jan ɗankwali, tana zaune a gindin darbejiya," daga baya ya koma "Ga Goggo." Sauran aikin mai zane ne. Ku karanta da ƙarfi sau goma, kuna tafiya a tsakar gida. Inda harshenku ya sarƙe, na mai karanta wa yaro ma zai sarƙe, ku sauya kalmar. Game da karin harshe, ku rubuta daidaitacciyar Hausa don littafin ya karantu a Azare da Kano da Damagaram, amma sunayen kayan gida ku bar waɗanda yaranku suka sani. Mage, kyanwa, mussa, duk ɗaya ne, ku zaɓi guda ku tsaya a kai har ƙarshe.

Kafin ku ci gaba, ku kai wa malamin da kuka yarda da shi ya duba. Na kai wa malamin Islamiyyar yarana, na ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini ko akwai abin da bai dace ba." Ya karanta ya yi murmushi, ya ce in cire wurin da Goggo ta ɗaga hannu biyu a gaban tukunya, don ya yi kama da addu'a, ya ce kuma in sa ta yi bisimilla kafin su ci kifin. Na gyara duka biyun. In kuna da damuwa kan zanen masu rai, a wannan zaman ne za ku tambaya, ba bayan kun kashe kuɗin bugu ba.

Littafin gwaji

Wannan mataki shi ne wanda masu farawa suke tsallakewa, shi ne kuma ya fi ceton takarda. Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne, saboda injin bugu yana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya a naɗe ta, takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya kuwa dole yawan shafukansa ya rabu da huɗu, domin kowace takarda in an ninka ta shafi huɗu take bayarwa. Takarda 8 shafi 32 ke nan, takarda 6 shafi 24, takarda 4 shafi 16. In wannan ne na farkonku, 24 ya ishe ku.

Ku ɗauki takardar A4 guda 6 ko 8, ku haɗa su ku ninka biyu, ku ɗaure tsakiya da zare, ku rubuta lamba a ƙasan kowane shafi. Shafi na 1 na suna ne, na 2 na bayanin mai rubutu da mai zane da shekara. Labari ya fara daga na 3 ko na 4. Ku rubuta jimlolinku a 'yan guntayen takarda ku manna da salatif yadda za ku iya cirewa ku matsar, sannan ku yi zanen gaggawa, da'ira a matsayin kai, sanda a matsayin jiki. Kyau ba ya cikin lissafi a nan.

Abin da kuke nema shi ne inda za a juya shafi. A rubutun boko shafin dama shi ne mai lambar mara, shi ne kuma na ƙarshe da ido yake gani kafin a juya. Don haka roƙon Goggo da "Ƙwal!" su faɗo a shafin dama, abin da tukunya ta fitar kuma ya ɓuya a bayansa. A gwajina na farko mesar ta fito a shafi ɗaya da roƙon, 'yata ta gan ta tun kafin in buɗe baki, dariyar ta mutu. Da na matsar da ita baya, sai ga yarinya tana riƙe hannuna tana cewa, "Umma tsaya, ni zan buɗe." In da ajami za ku rubuta, lissafin sai ya juye, tunda daga dama ake buɗewa.

Babban abin da ya faru, wato hawayen tukunya da ya cika gida, ku ba shi shafi biyu a buɗe ba tare da rubutu mai yawa ba. Shafin ƙarshe kuma ya zama shiru: Gawayi tana barci da ƙayar kifi a gefenta, a ƙasa an rubuta "Ƙurunƙus."

Zane

In ba ku iya zane ba, ku nemo mai yi. Akwai su a kusa: malamin zane na sakandare, ɗalibin kwaleji, matashin da yake rubuta allon shaguna. Ku nemi ya zana muku mage tana hamma, tana tsoro, tana leƙe. Wanda ya iya sa mage ta nuna abin da ke ranta da kunne da wutsiya, shi ne naku, ko da bai iya zana mota ba. Ku yi yarjejeniya a rubuce tun farko: nawa za a biya, hoto nawa, gyara sau nawa, wa yake da haƙƙin hotunan. Sunansa kuma ya fito a bango daidai da na marubuci, domin rabin labarin shi ya ba da shi. Ni ɗiyar yayata ce ta zana fuskoki, ni na shafa kala.

Kafin a fara shafi ko ɗaya, a zana Goggo da Gawayi sau goma-goma a takarda guda: gaba, baya, gefe, zaune, a guje. Wannan takardar za a manna a bango ana dubawa. Yara ba sa yafe canji. In ɗankwalin Goggo ja ne a shafi na 5 ya koma ruwan hoda a na 12, za su ce wata ce daban. Ku zaɓi atamfa mai sauƙin zane, manyan ɗigo ko layi, tunda sai an maimaita ta fiye da sau ashirin.

Gidan ya zama gidan da yaro ya sani. Murhu mai duwatsu uku, randa da moɗa a kai, turmi a kife, tandar masa, igiyar shanya, buta a bakin rariya, kaji suna tono. Ta saman katanga a hango duwatsun da suka kewaye Bauchi, ko in a Gombe kuke, abin da yaro yake hangowa daga ƙofar gidansu. Ranar da 'yata ta ga randa a littafi ta ruga ta taɓa tamu ta dawo. Ba ta taɓa ganin kayan gidanmu a littafi ba sai ranar.

Baƙar mage tana da wahalar zane. In aka cika ta da baƙi ƙirin, ƙafafu da jiki sai su haɗe su zama dunƙule. Ku shafa mata shuɗi mai duhu sosai ko toka mai duhu, ku bar siririn farin layi tsakanin ƙafa da ciki, idanu rawaya manya, gashin baki fari. Kullum bayanta ya zama mai haske, kamar jar ƙasa, tabarma ko farin bango.

Sannan ku ɓoye labari na biyu a cikin hoto. Tun shafi na 3 wutsiyar ɓera tana leƙowa daga bayan tukunya. A na 7 yana ɗauke da auduga. Gawayi tana kallonsa, Goggo ba ta gani, rubutu kuma bai ce uffan ba. Yaron da bai iya karatu ba shi zai riga babba ganowa, ya yi ta nunawa da yatsa yana ihu. Wannan ne yake sa a dawo wa littafi sau hamsin. Mesar kuma a zana ta da barci a ido da murmushi, ta naɗe a faranti kamar masa, ba baki buɗe ba. Muna son yaro ya ɗan razana ya yi dariya, ba ya kasa barci ba.

Ta fuskar aiki: ku yi zanen a takarda mai kauri, ya ɗan fi girman littafin, da fensir tukuna, sannan baƙin biro ko maka mai siririn baki, sannan kala. Kalar ruwa tana da kyau amma a lokacin hunturu tana bushewa kafin a gama shafawa, takarda kuma ta lanƙwashe, don haka ku manne gefunanta huɗu a kan katako da salatif har ta bushe. Fensirin kala ya fi sauƙi, sai dai a danna shi sosai, in ba haka ba zai fito fari-fari a bugu. Ku bar fili mai haske inda rubutu zai zauna. Kada fuska ta faɗo a tsakiyar shafi biyu inda waya za ta bi. Kada kuma ku rubuta kalmomin da hannu a jikin zanen, gyara zai gagara.

Ku gwada a kan yara

Tun zanen yana fensir, ku tara yara huɗu ko biyar waɗanda ba naku ba, ku shimfiɗa tabarma ku karanta. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ku kalli jikinsu. Inda suka fara waige-waige, shafin ya yi tsawo. Inda suka yi tambayar da ba ku zata ba, akwai abin da bai fito ba. Wani yaro a ajina ya ce, "Malama, ina mesar ta tafi?" Na manta da ita gaba ɗaya bayan shafinta. Dole na ƙara ta a sauran shafukan, tana iyo a cikin hawaye, a ƙarshe ita ma an ba ta kan kifi. Yanzu ita ce yara suka fi so bayan Gawayi.

Kwamfuta da bugu

Ku kai zanen shagon kwamfuta a saka a sikana, ku ce a ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci. Ƙasa da haka hoto zai fito dishi-dishi. In babu sikana, waya mai kyamara mai kyau za ta yi: a inuwa da hantsi, ba fitila, takarda a shimfiɗe, waya a saitinta daidai ba a karkace ba. Kada ku tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana rage musu ƙarfi, ku tura su a matsayin fayil.

Babbar matsalar bugun Hausa ita ce haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta sa akwati ko ta aro harafi daga wani salo ya fito bambaraƙwai. Akwai salon da ake kira Andika, wanda SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna, ta tsara musamman don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da haruffanmu duka, kuma harafin a ɗinsa irin wanda yaro yake rubutawa da hannu ne. Ku sa rubutu manya, kada girmansa a kwamfuta ya gaza lamba 20. Kada ku yarda a bar ƙugiya don sauƙi. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, yaron da yake koyon karatu kuma abin da ya gani shi zai ɗauka. SIL ɗin suna da manhajar Bloom ta haɗa littattafan yara, ita ma kyauta, tana jera shafuka ta fitar da PDF na bugu. Wanda kuma yake son ya ga yadda wasu suka yi, akwai labaran Hausa masu hoto a shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver.

In kwafi biyar ko goma kuke so, firinta mai kala ta isa. A4 da aka ninka yana ba da A5, ya yi daidai hannun yaro. In don aji ne, ku buga a A3 a ninka ya zama A4, na baya ma su gani. Ku kula da jerin shafuka: a littafi mai shafi 32, na 32 da na 1 suke zama fuska ɗaya, na 2 da na 31 a bayansu, kowane biyu in an haɗa su 33 ne. A mai shafi 24 kuma 25. Ku warware littafin gwajinku ku ajiye a gaban mai shagon, shi zai nuna masa. Takardar ofis mai giram 80 tana nuna hoton baya, ku nemi mai giram 120 zuwa 150, bango kuma kwali mai giram 250 ko 300, a yi masa laminatin saboda hannun mai da miya.

In ɗaruruwa za ku buga, sai maɗaba'a. Ku ce a mai da kalar hotunan zuwa CMYK, wato tsarin kalar tawadar injin bugu, domin kalar da allon kwamfuta yake nunawa ta fi ta tawada haske, ja da shuɗi sukan dusashe. Hoton da ya kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka. Kada ku biya cikon kuɗi sai an ba ku kwafi ɗaya na gwaji kun karanta shi harafi-harafi. Wani mai bugu ya taɓa ce mini, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, ba sai kin duba ba," na dage, sai ga duk ƙ ɗin littafin sun koma alamar tambaya.

Ɗinki kuma, waya biyu a tsakiya, a lanƙwashe bakinsu ciki sosai don kada su soki yatsa. Na 'yan shekara uku na fi son zare da allura, huda uku, a ƙulle ta waje, a manna kyallen atamfa a bayan littafin ya rufe ƙullin.

Mai niyyar sayarwa ya nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, su ne masu bayarwa a Najeriya, kuma doka ta ce mai buga littafi ya ajiye musu kwafi uku. Abu ɗaya kuma: kada ku ɗauki hotunan littafin Turawa ku manna musu Hausa ku sayar. Haƙƙin mallaka ne na masu shi, ko da kun sauya sunaye.

Ranar karatu

Ku zaunar da yaro a cinya ko a gefenku yadda zai ga shafi sosai. Ku ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ku jira ya ce "Ta zo mu ji ta." Ku ba Goggo muryar tsofaffi, ku rera amshin, ku yi shiru bayan "Ƙwal!" har sai ya matsu, ku bar shi ya juya da kansa. In ya tsaya yana neman ɓera, kada ku hanzarta shi. A karatu na uku ku riƙa yanke amshin a tsakiya, shi zai ƙarasa. In ya tambaya ko tukunyar gidanku ma tana ji, ku gaya masa gaskiya, ta tatsuniya ce kaɗai take yi.

Kwafi na farko da muka ɗinke, 'yata ce ta ɗauka muka kai wa mai daddawa. Ba ta karatun boko, don haka yarinyar ta zauna a bakin tabarmarta ta karanta mata da ka, tana nuna hotuna. Da aka zo kan mesa dattijuwar ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, wannan tukunya Allah ya shirye ta!" Ta karɓi littafin ta juya shi ta kalli bango, ta nuna Gawayi da yatsa ta ce tata ta fi wannan ƙiba, a littafi na gaba a zo a zana tata.